Darasin Noma: Yadda Cuta Biyu Suka Haifi Ta Uku a Gonar Rogo

Manoma, kun san ciwon nan da ke kama ganyen rogo. Ganye ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya. Ya ƙanƙance, ya murɗe. Idan ciwon ya yi tsanani rogon ya tsumbure, ranar tono a sami saiwa 'yar kaɗan.

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ce mata bairas. Ido ba ya ganinta. Tana yaɗuwa ta hanya biyu. Farin ƙuda, wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ke maƙalewa a bayan ganye, yana tsotso ta daga wannan rogo ya kai wa wancan. Mu ma muna yaɗa ta da hannunmu idan muka dasa karan rogo mai ciwo.

Wannan bairas ba iri ɗaya ba ce. Kowane iri yana da nasa gadon a cikinsa, kamar rubutu a takarda. Rubutun ne ke nuna yadda za ta hayayyafa da irin ɓarnar da za ta yi. To, wani lokaci iri biyu sukan haɗu a jikin rogo guda. A wajen hayayyafa sai wani yanki na rubutun wannan ya shige cikin na waccan. Ku da kuke koyon karatu kun sani, harafi ɗaya ya canza, kalma ta canza. Bari daban, gari daban. Haka ake samun sabuwar cuta. Wata takan fito da rauni ta ɓace. Wata kuwa ta fi iyayenta mugunta.

Abin ya faru a ƙasar Uganda, can gabashin Afirka. Da ma suna da ciwon, amma ba ya hana su cin rogo. A 1988 sai aka ga wani mai tsanani a gundumar Luwero. Ya riƙa gangarawa kudu, kilomita 20 zuwa 30 kowace shekara. Farin ƙuda kuma ya yi yawa ƙwarai a lokacin. Manoma da yawa suka haƙura da rogo, yunwa ta shiga wasu yankuna. Ciwon ya tsallaka Kenya, ya shiga Tanzaniya.

Sai a 1997 masana suka bayyana dalili. Bairas ɗin gabashin Afirka ce ta ɗauko yanki daga wata da ta bazu a Afirka, suka ba da sabuwa. Sun kuma lura cewa rogon da sabuwar ta tarar da tsohuwar a jikinsa shi ya fi shan wahala.

Babu maganin feshi da ke warkar da rogon da ya kamu. Abin da ya taimaki Uganda shi ne iri mai jure ciwon. Ɗaya daga ciki, TMS 30572, daga cibiyar IITA ta Ibadan ya fito.

A Nijeriya ma akwai waɗannan bairas fiye da iri ɗaya. Saboda haka idan za ku yanki kara, ku zagaya gona tun da ganye a kai, ku sa wa masu lafiya alama. Kada ku karɓi karan da ba ku ga gonarsa ba, ko da kyauta ne. Bayan dashe, wanda ya tsiro da murɗaɗɗen ganye a tuge shi tun yana ƙarami, a fitar da shi daga gona. Sabon iri kuwa, a tambayi malamin gona.