Na'urar da Ke Sauraron Ƙwaƙwalwa

Da yawanmu 'yan Gyadi-Gyadi da Tarauni kullum sai mun wuce ta gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya. Cikin masu shiga ƙofar nan akwai waɗanda suka gamu da shanyewar ɓarin jiki, wato jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. Hawan jini ne kan gaba wajen jawo ta.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ke biyo baya. Kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda suka tashi daga wannan larura yakan kamu da ciwon damuwa. Sai ka ga dattijo ya daina hira, abinci ya fita daga ransa, barci ya gagare shi, ko gashin ƙashi ma ya ce ba zai je ba. A gida kuwa sai a ce ya kasa rungumar ƙaddara. Wannan ba adalci ba ne. Ciwo ne mai magani, kuma in aka bar shi yakan jinkirta dawowar ƙarfin hannu da ƙafa.

To, ko za a iya gane wanda zai kamu tun da wuri? Nan na'urar EEG ta shigo. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da ɗan ƙaramin lantarki. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara naɗar wannan lantarki a jikin ɗan Adam a 1924. Ana manna 'yan wayoyi a fatar kai, na'urar ta zana igiyoyi masu hawa da sauka a fuskar kwamfuta. Kada ku tsorata, ba ta jan mutum. Saurare kawai take yi.

'Yan ajin kimiyya, ku riƙe wannan: in mutum ya rufe ido ya natsu, igiyar alfa takan kaɗa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa guda. Igiyar delta kuwa ba ta wuce sau 4, kuma takan yawaita a wurin da shanyewar ta taɓa. Masu bincike suna kwatanta irin waɗannan igiyoyi, musamman tsakanin gaban ƙwaƙwalwa na hagu da na dama, don hasashen wanda damuwa za ta kama watanni masu zuwa.

Aikin yana matakin bincike. A yanzu likita da tambayoyi yake gano ciwon, kuma labarin da 'yan gida suka kawo yana taimaka masa ƙwarai. In Kaka ta yi mako biyu a wannan hali, ku sanar da manya a faɗa wa likita, kada a jira ranar komawa asibiti.