Farfaɗiya, Shanyewar Jiki da Magungunansu: Shawarwari 13 Ga Gidajen Awe da Kewaye

Daga Awe zuwa Lafiya ta hanyar Obi tafiya ce mai ɗan nisa, wanda ya taso daga Tunga a bakin Binuwai kuwa tasa ta fi tsawo. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ƙalilan ne a Najeriya, yawancinsu kuma suna manyan asibitocin birane. Don haka idan farfaɗiya ta kayar da yarinya a gindin murhu, ko bakin dattijo ya karkace yana cikin alwala, mutanen gida su ne likitan farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ta ce har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. Maganin yana nan, wani ma ya haura shekara ɗari ana aiki da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne riƙon maganin a gida ba tare da yankewa ba.

1. Ku kira ciwon da sunansa

Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ga gaɓoɓi ta jijiyoyi da wata 'yar wutar lantarki ta halitta. Idan wutar ta ɓarke lokaci guda babu tsari, sai mutum ya faɗi, ya sandare, ya yi ta jijjiga. Wani ba ya ma faɗuwa: ya ƙura ido na ɗan lokaci, yana taunar baki, a yi masa magana bai ji ba. Daga cikin musabbabanta akwai wahalar haihuwa da ta hana jariri numfashi da wuri, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, buguwar kai a haɗarin babur, da shanyewar ɓarin jiki. Wasu kuma ba a gano dalilin tasu. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko kumfar baki, ko numfashi, ko cin abinci a kwano ɗaya. Wanda ya gudu ya bar ɗan'uwansa a ƙasa don tsoron kumfa, ya guji abin da babu.

2. Idan ya faɗi, ga abin yi

Mutum ɗaya ya duba agogo ko waya ya riƙe lokacin da abin ya fara. A janye wuta, tukunya, wuƙa da duk abin da zai ji masa ciwo. A naɗe zane a sa masa a ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga ko ɗaurin hijabi. Da zarar jijjigar ta lafa, a kwantar da shi ta gefe, bakinsa na kallon ƙasa, don yawu da amai su zuba waje. A kori 'yan kallo, a suturta shi, musamman in mace ce ko fitsari ya kufce. Yawanci abin kan tsaya da kansa cikin minti biyu zuwa uku. In ya farfaɗo zai kasance a ruɗe da gajiya. A zauna da shi har hankalinsa ya dawo sarai.

3. Ga kuma abin bari

Kada a cusa cokali, kara ko yatsa a bakinsa. Mutum ba ya haɗiye harshensa, amma cokali na karya haƙori. Kada a ɗura masa ruwa, manja, rubutu ko jiƙo alhali ba ya cikin hayyacinsa, domin huhu abin zai faɗa. Kada a danne shi da ƙarfi. Kada a kara ƙafarsa a wuta, ko a turara masa hayaƙi, ko a matsa masa albasa a ido. Jijjigar da ma za ta tsaya da kanta, sai a yabi hayaƙin, yaro kuma ya tashi da ƙuna.

4. Minti biyar ne iyaka

A nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Awe, idan jijjiga ta wuce minti 5, ko wata ta biyo wata mutum bai farfaɗo a tsakani ba, ko wannan ne karo na farko, ko a ruwa ya faɗi. A can akwai allurar diazepam da makamantanta da ke tsayar da ita. Jijjigar mai juna biyu ko mai jego ba ta jiran wayewar gari: sau da yawa hawan jinin ciki ne, yana kisa, kuma maganinsa allurar magnesium sulphate ce. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da ya yi taune-taune saboda zafin zazzaɓi yawanci ba farfaɗiya ba ce, amma dole a duba abin da ya kawo zazzaɓin. In an ga wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai, musamman daga hunturu zuwa bazara, a zargi sanƙarau. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar rigakafin Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. In masu rigakafi sun zo, a fito da yara.

5. Gani ya kori ji

Da wuya mara lafiya ya faɗi a gaban likita, shi kuma bai san abin da ya same shi ba. In akwai mai taimaka masa, wani ya ɗauki bidiyo da waya, don likita kawai, ba don yaɗawa ba. A ajiye ƙaramin littafi: ranar faɗuwa, tsawon lokacinta, ta wane ɓari ta fara, ya sha magani ko bai sha ba, ya yi barci sosai ko a'a. Wanda ya ga faɗuwar da idonsa shi ya kamata ya raka shi asibiti. In an tura ku Lafiya, asibitin da aka sani da Ɗalhatu Araf, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, ko asibitocin koyarwa na Makurdi da Jos, don gwajin wutar ƙwaƙwalwa (EEG) ko hoton ƙwaƙwalwa, ku tafi da littafin da kwalayen magani gaba ɗaya.

6. Maganin na kullum ne, ba na ranar ciwo ba

Nan ne gidaje da yawa ke tuntuɓe. Maganin farfaɗiya ba kamar na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a ajiye. Aikinsa shi ne ya zauna a cikin jini dare da rana yana tare faɗuwa. In an ga wata uku lafiya lau, maganin ne ke aiki, ba ciwon ne ya tafi ba. Yanke shi farat ɗaya, musamman phenobarbitone, na iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa. Likita ne kaɗai ke rage shi, a hankali cikin watanni, yawanci bayan aƙalla shekara 2 babu faɗuwa.

A haɗa shan sa da abin da ba a mantawa, kamar sallar asuba da ta isha'i. A ɗora alhakin a kan mutum ɗaya a gidan. In an manta, a sha da zarar an tuna, sai dai in lokacin na gaba ya yi kusa. Ba a haɗa biyu a sha. A sayo sabo tun saura na mako guda, a damina ma a ƙara tanadi. Wanda ya sayar da riɗi ko shinkafa da kaka ya ware kuɗin maganin watanni kafin kuɗin su bi ta wata hanya. Ku kuma tambayi hukumar inshorar lafiya ta jiha, NASHIA, abin da rajistarku za ta ɗauke muku.

7. Ku san sunan maganin da halinsa

"Farar ƙwaya 'yar ƙarama" ba suna ba ne. A rubuta sunan da ke jikin kwali da ƙarfinsa. Phenobarbitone, wanda ake amfani da shi tun 1912, shi ne mafi araha. Yana sa manya barci, wasu yara kuma ya sa su ƙiriniya. Phenytoin, tun 1938, na kumbura dasashi, don haka a dage da asuwaki da buroshi. Carbamazepine, da aka fi sani da Tegretol, na sa jiri da gani biyu-biyu a farko. Sodium valproate, wato Epilim, na sa ƙiba da rawar hannu. Levetiracetam ya fi tsada, wasu yakan sa su saurin fushi. Galibin waɗannan illolin kan ragu, ko likita ya gyara adadin. Amma in ƙuraje suka feso da zazzaɓi, da gyambo a baki ko jan ido, musamman a watanni biyun farko, a koma asibiti a ranar. A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ajiye nesa da zafi da hannun yara. Kada a ba wani maganin wani.

8. Mata su yi magana tun kafin ciki

Mai farfaɗiya tana aure, tana haihuwa lafiya, yawanci kuma tana shayarwa. Sai dai sodium valproate na da haɗari ga ɗan tayi: kusan jariri 1 cikin 10 kan zo da nakasar halitta, wasu da yawa kuma su samu jinkirin fahimta. Don haka a sanar da likita tun ana maganar aure, ya duba ko zai sauya maganin, ya kuma rubuta folic acid. Wadda ta ga ciki ya shiga tana kan magani kada ta yanke da kanta. Ta je awo da wuri. Haka nan carbamazepine da phenytoin da phenobarbitone na raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu, kuma suna karo da wasu magungunan ƙanjamau da na zazzaɓi. Duk ma'aikacin lafiyar da zai rubuta muku wani abu, ku nuna masa kwalin.

9. Wuta, ruwa da babur

Ba faɗuwar kaɗai ke illa ba, har da inda aka faɗi. Wadda faɗuwarta ba ta tsaya ba kada a bar ta ita kaɗai a bakin murhu, ko wajen dafa gishiri, ko turara shinkafa. Kada mai ciwon ya je rafi, rijiya ko kamun kifi shi kaɗai. In zai shiga kwalekwale ya zauna a tsakiya kusa da wanda ya san halinsa. Wanka da bokiti da moɗa, ƙofa ba sakata. Hawan bishiya, tuƙin mota da acaɓa su jira izinin likita. Masu lafiya ma su riƙe hular kwano, domin kan da ya bugu yau na iya haifar da farfaɗiya bayan shekaru.

10. Ku san abin da ke tsokano ta

Rashin barci, zazzaɓi, giya da tsallake magani su ne kan gaba. Tramadol, wanda wasu matasa ke sha don ƙarfin noma, yana sa jijjiga ko ga wanda bai taɓa yi ba, balle mai farfaɗiya. Maganin feshin gona shi ma guba ne ga jijiyoyi: a rufe hanci da jiki, a yi wanka bayan feshi, kada a zuba abin sha a jarkarsa. Kafin azumi a je a tambayi likita ko za a iya mayar da shan maganin zuwa sahur da buɗa baki. In ya ce ba zai yiwu ba, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

11. Shanyewar ɓarin jiki ba ta jiran gobe

Alamominta: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya mutu, magana ta sarƙe, duk farat ɗaya. A riƙe lokacin, a tafi asibiti nan take, ko da abin ya saki bayan 'yan mintuna. Kada a ba shi abinci ko ruwa, domin haɗiya na iya lalacewa. Kada a ba shi aspirin kafin likita ya gani: wata shanyewar toshewar jijiya ce, wata fashewa, aspirin kuma na ƙara zubar jini. Babban mai jawo ta hawan jini ne, wanda ba ya sallama. Duk babba ya riƙa awon jini. In ya yi ta kai 140/90 ko fiye, a nemi magani a kuma dawwama a kai. Awe garin gishiri ne tun kaka da kakanni, amma a tukunya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magi. Bayan sallama, a riƙa juya mara lafiya kowane awa 2 don gudun gyambon kwanciya, a kuma lazimci gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi kullum.

12. Rawar hannu da zogin ƙafa ba duka tsufa ba ne

Dattijon da hannunsa ke rawa yana zaune, tafiyarsa ta koma ƙananan taku, jikinsa ya yi tauri, wataƙila ciwon Parkinson ne. Levodopa na sauƙaƙa shi ƙwarai in ana sha a kan lokaci. Nama da wake na rage shigarsa jiki, don haka akan sha kamar rabin awa kafin abinci. Mai ciwon suga da ƙafarsa ke zogi ko ta mutu, jijiyoyi ne suka taɓu: a daidaita sugan, a duba tafin ƙafarsa kowane dare, kada ya yi tafiya ba takalmi. Amitriptyline da pregabalin na rage zogin, amma suna sa jiri, kuma ba a sayensu ba takardar likita.

13. Addu'a ba ta hana magani, ciwo ba ya hana zama mutum

A yi addu'a a masallaci da coci da gida, amma duk wanda ya ce sai an ajiye ƙwayar asibiti kafin nasa ya ci, a bar masa kayansa. Kada a cire yaro daga makaranta. A sanar da malaminsa na boko da na allo abin yi in ya faɗi. Kada a ware masa kwano ko tabarma. In maganar aure ta taso, a faɗi gaskiya tun da wuri, a kuma kai wanda zai aura ya ji bayani daga bakin likita. Gidan da ya ɓoye ciwon ya hana maƙwabta sanin yadda za su ceci ɗansu ranar da ya faɗi a hanya. Ku tara iyali yau, ku koya wa kowa shawara ta 2 da ta 3, ku rubuta lambar mai abin hawa da za a iya kira ko da tsakar dare a jikin bangon ɗaki.