Yadda Za Ka Zaɓi Wayar Da Za Ta Riƙe Salsalar Gidanku

A kowane gida akwai wanda ake turawa wurinsa idan lissafin dangantaka ya rikice. A namu gidan gwaggo ce, yayar mahaifinmu. Ita ta san wace ce ta haifi wa, wane ne ya auri 'yar baffansa, da dalilin da ya sa muke gaisawa da wasu mutane a Maraɗi alhali babu wanda ya taɓa zuwa can cikinmu. Da na ɗauki niyyar tattara abin da ke kanta, sai na fara da kuskuren da yawancin mutane ke yi: na je kasuwa na sayi wayar da ta burge ni, daga baya na shiga neman manhajar da zan zuba sunayen. Da a ce yau zan fara, ga yadda zan bi.

Mataki na 1: Zaɓi manhaja kafin ka taka kasuwa

Manhajojin salsala iri biyu ne. Akwai waɗanda bishiyar zuri'ar take zaune a intanet, wayar taga ce kawai ta leƙawa, irin su FamilySearch da Ancestry da MyHeritage. Akwai kuma waɗanda komai yake cikin wayar, ko da sabis ko babu, irin su Family Gem ta Android da MobileFamilyTree ta iPhone da iPad. Ka ga ke nan manhaja ce za ta gaya maka irin wayar da za ka nema.

FamilySearch kyauta ce, cocin Mormon da ke jihar Yuta a Amurka ke gudanar da ita. Bishiya ɗaya ce ta kowa da kowa: bayanan waɗanda ke raye kai kaɗai kake gani, amma na mamata duk mai rajista zai iya gani, har ya gyara. Wani zai so haka, don ɗan'uwansa da ke Kumasi ko Kartum ya ƙara nasa. Wani kuwa ba zai yarda baƙo ya taɓa sunan kakansa ba. Ancestry da MyHeritage ƙarfinsu yana cikin tsofaffin takardun Turai da Amurka, na ƙidayar jama'a da jerin fasinjojin jiragen ruwa, kuma da wuya ka tsinci kakanka a ciki. Asusun kyauta na MyHeritage mutum 250 yake ɗauka. Gidan da kaka ya yi mata huɗu, kafin a gama jikoki an cike wannan.

Ni dai ga mai tattara tarihi daga bakin tsofaffi, a garuruwan da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, manhajar da ke aiki ba intanet na fi so. Shi ya sa na tsaya a kan Family Gem, wadda ba ta neman ko kwabo kafin ka fara.

Mataki na 2: Tabbatar bayananka za su iya fita

Kalma ɗaya ce za ka haddace a wannan harka: GEDCOM. Wani tsarin fayil ne da cocin nan na Mormon ya fito da shi a 1984, don manhajojin salsala su riƙa fahimtar juna. Sigar da aka fi amfani da ita 5.5.1 ce, ta 7 kuma ta fito a 2021. Duk manhajar da ba ta karɓar wannan fayil, ba ta kuma fitar da shi, kurkuku ce.

Tarihin na'urorin kansu ya isa hujja. Tun wajen 1996 da ƙananan kwamfutocin aljihu na Palm suka shigo, masu bin salsala a Turai da Amurka suka riƙa yawo da zuri'arsu a aljihu, da manhajoji irin su GedStar, wasu kuma da Pocket Genealogist a na'urorin Windows. Yau ina Palm? Ina wayoyin Windows? Tsofaffin BlackBerry ma an rufe musu hidima a farkon 2022. Wanda ya adana fayil ɗin GEDCOM ya zuba shi a sabuwar waya ya ci gaba da aikinsa. Wanda bai yi ba ya koma farko, idan ma tsofaffin da ya tambaya suna nan.

Abin lura: Ancestry da MyHeritage suna bari ka sauke wannan fayil daga shafinsu. Bishiyar FamilySearch ba ta da maɓallin haka kai tsaye, sai ka bi ta wata manhajar kwamfuta, kamar RootsMagic.

Mataki na 3: Jarraba manhajar da irin gidanmu

Nan ne aikin yake, kuma ba sai ka kashe kuɗi ba. Ari wayar wani, ka sauke manhajar, ka shigar da mutum 20 daga reshen da ya fi kowane sarƙaƙiya a danginku. Waɗanda suka ƙirƙiri waɗannan manhajoji gidan miji ɗaya da mace ɗaya suka fi sani, kowa da sunan zuri'a da takardar haihuwa. Namu ba haka yake ba.

Fara da aure. Shigar da namiji mai mata uku a lokaci guda, kowace da 'ya'yan ɗakinta, ka ga ko zanen zai bambance 'yan ɗaki ɗaya da 'yan uba. Shigar da matar da ta fita ta yi wani auren, ta haihu a can, ta dawo. Sai auren zumunci: idan ɗan wa ya auri 'yar ƙane, kakansu ɗaya ne, kuma manhajar kirki za ta bar ka ka haɗa su da mutum guda, ba ta tilasta maka ƙirƙirar kaka biyu ba. Riƙo yana da gurbinsa a tsarin GEDCOM, ana iya nuna cewa yaro ɗan riƙo ne ba haifaffe ba. Shayarwa kuwa ba ta da gurbi ko kaɗan, alhali a wurinmu ita ce ke haramta aure. Don haka ka duba ko akwai filin ƙarin bayani mai faɗi a kan kowane mutum, inda za ka rubuta wadda ta shayar da shi, kuma ko akwatin bincike yana leƙa cikin wannan fili.

Sai suna. Manhaja za ta tambaye ka sunan zuri'a, mu kuwa sunan uba muke bi, wasu ma sunan garinsu, kamar yadda aka san Aminu Kano da Shehu Shagari. Ka tsai da ƙa'ida ɗaya tun farko: sunan yanka a gidan suna, sunan uba a gidan zuri'a, laƙabi a nasa gurbin. Laƙabin nan kada ka raina shi. A danginmu Muhammadu ya haura goma, ba a gane su sai da Tanko da Sambo da Ɗanjuma. Gwaggo kuma, saboda alkunya, ko da wasa ba ta kama sunan ɗanta na fari, sai da na koma wurin kishiyarta na ji sunan yankansa.

Kwanan wata ma haka. Babu tsohuwar da za ta ce maka an haife ta 12 ga Maris. Cewa za ta yi babanta yana goye aka yi yunwar Kakalaba, ka rubuta wajen 1914. Ko a ce an yi auren shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo, wato 1956, ko bayan kisan Sardauna, 1966, ko lokacin da aka canja kuɗi zuwa naira, 1973. Manhajar dole ta karɓi "wajen", da "kafin", da "bayan", da "tsakanin". Wadda ta nace sai rana da wata, ƙarya za ta sa ka rubuta. Idan gidanku gidan malamai ne, akwai haihuwa da rasuwa da aka rubuta da Hijiriyya a bangon littattafai, ka sani asalin GEDCOM bai tanadi wannan kalanda ba. Gramps, manhajar kwamfuta ta kyauta, ta san ta. A waya sai ka sa shekarar Miladiyya, ka kwafe ta Hijiriyyar a filin bayani yadda ka same ta.

Na ƙarshe, rubuta Ɗanladi da Ƙasimu da Ɓaidu, da ƴ irin ta rubutun Nijar, da suna ɗaya da ajami. Gboard yana da Hausa da Larabci. Fitar da fayil, ka buɗe shi a wata wayar. Idan haruffan sun koma alamar tambaya, nemi inda ake zaɓen UTF-8 wajen fitarwa. In babu, sauya manhaja.

Mataki na 4: Yanzu a duba wayar

Sunaye ba su da nauyi. Zuri'ar mutum 1,000 ba ta kai nauyin bidiyon biki ɗaya da ake turowa ta WhatsApp ba. Saboda haka wayar masu wasannin bidiyo ba taka ba ce. Ka sayi waya ne don zaman da za ka yi a gaban tsoho, kuma abubuwa huɗu wannan zama yake so.

Makirufo shi ne na farko, shi ne kuma wanda ba a rubutawa a jikin kwali. Hirata ta farko da gwaggo, awa biyu cur, ƙarar injin markaɗen maƙwabta ta haɗiye rabinta, don wayar tana ɗaukar komai daidai wa daida. Tsoho ba ya ɗaga murya, kuma ba za ka ce masa ya maimaita sau uku ba. Idan wayar tana da ramin iyafis, za ka iya jona ɗan makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, ba shi da tsada.

Na biyu ma'adana. Murya ta awa ɗaya kamar megabait 60 ce, hoto mai kyau 3 zuwa 5, amma bidiyon awa ɗaya yakan ci giga 4 zuwa 8. Giga 128 ta wadatar, 64 sai da katin memori. Wayoyin iPhone ba su da gurbin kati, haka ma manyan Samsung na baya-bayan nan, yayin da yawancin Tecno da Infinix da Redmi suke da shi.

Na uku kyamara, amma manta da yawan megafiksel. Abin da kake so ta iya kama rubutu daga kusa: tsohon hoton Makka, takardar gona, rasidin haraji, wasiƙar ajami da tawadarta ta dusashe. Na huɗu batir, 5,000 mAh ko sama, da fawa banki a jaka.

Ram giga 4 ne mafi ƙaranci. Idan ka ga an rubuta 4+4 a kwali, huɗun farko ne na gaske, sauran aro ne daga ma'adana. Ƙananan wayoyi masu Android Go za su buɗe manhajar, amma bishiya na girma za su fara jan ƙafa.

Mataki na 5: Waya ko tabilet?

Zanen zuri'a faɗi yake yi, fuskar waya kuwa tsawo gare ta. Tabilet mai inci 10 ta fi daɗin nuna wa tsofaffin da idonsu ya yi rauni. Amma kyamararta yawanci ba ta kai ta waya ba, kuma fito da ita a zaure yana tara yara, hira ta watse. In ɗaya za ka iya saye, sayi waya mai inci 6.5 ko fiye.

Mataki na 6: A kasuwa, kada ka yi cinikin biri a sama

Ko Farm Centre ka je a Kano ko shagon bakin tasha a garinku, ka tafi da abu biyu: tsohuwar takarda mai ƙananan rubutu, da fayil ɗin gwajin nan naka. Ka ce wa mai shago, "Malam, don Allah a ba ni minti goma in gwada." Ɗauki hoton takardar, ka buɗa shi sosai, ka ga ko ana karantawa. Ajiye wayar taku biyu daga gare ka, ka yi magana ƙasa-ƙasa cikin hayaniyar kasuwa, ka saurara. Fita da ita rana ka ga ko fuskar tana nunawa. Buɗe Play Store ka tabbatar manhajarka tana sauka, don wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su zuwa da shi, tsohuwar waya kuma wani lokaci sigar Android ɗinta ta yi baya.

Idan ta hannu ce, danna *#06# ka gwada lambar da ta fito da ta kwali ko rasidi, kuma a cire asusun Google ko iCloud na tsohon mai ita a gabanka. Wayar da ba a san asalinta ba tana iya kai ka ofishin 'yan sanda, ita kuma ta tafi da tarihin gidanku.

Katin memori kuwa, a nan aka cuce ni. An rubuta 64 a jikinsa, wayar ma ta nuna 64, ashe cikinsa bai kai haka ba. Sai da hotuna suka taru, na farkon suka ƙi buɗewa. Ka cika sabon kati da bidiyo har bakinsa, ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kafin ka damƙa masa abin da ba ya maimaituwa.

Mataki na 7: Kwafi tun daren farko

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sa wa wayar lambar sirri, don a ciki akwai maganar saki da gado da riƙo na mutanen da ke raye. Bayan kowane zama, fitar da GEDCOM ka sa masa kwanan wata a suna, ka ajiye a wuri uku: imel ɗinka ko Google Drive, inda ake ba da giga 15 kyauta, da filashi mai shiga waya, da wayar ɗan'uwa ɗaya amintacce. Fayil ɗin GEDCOM zalla ba ya ɗauke da hotuna da murya, sunayensu kawai yake riƙewa, sai ka kwashe su daban. In ta WhatsApp za ka tura hoto, tura shi a matsayin takarda, in ba haka ba zai matse shi rubutun ya dushe.

Sannan ka koma wurin wanda ya ba ka labarin, ka karanta masa abin da ka shigar. Ranar da na yi haka, ina cikin jero 'ya'yan ɗakin amaryar kaka sai gwaggo ta ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗan nan. Wa ya ce maka Delu 'yar Malam ce? Agola ce, da ita uwarta ta shigo."

"To Gwaggo, wane ne ubanta?"

"Wani mahauci ne a Tasawa. Kunna abin naka, in gaya maka yadda aka yi."