Toshewar Hanji Ga Manyan Mutane

Wannan bayani domin hakimai ne da malamansu, don su gane wannan ciwo, su kuma gargaɗi dagatai da masu unguwa a kansa.

Hanjin mutum kashi biyu ne. Ƙaramin hanji tsawonsa kamar mita 6 ne, babban kuwa kamar mita ɗaya da rabi. Idan wani wuri ya toshe, abinci da ruwa da iska sai su taru a bayansa, hanjin ya kumbura. In kuma jijiyar jini ta shaƙe, wurin yana iya mutuwa cikin awa 6, ya ruɓe, ya fashe.

Manyan dalilansa huɗu ne. Na fari shi ne ƙaba, watau hanji ya zurara ta wata kafa a matsematsi ko cibiya, ya maƙale. Wannan ya daɗe yana kan gaba a ƙauyukan Afirka, domin mutane sukan zauna da ƙaba shekaru ba a gyara ba. Na biyu, mannewar hanji bayan an yi wa mutum aikin ciki, wanda shi ya fi yawa a Turai. Na uku, murɗewar babban hanji, wadda ta fi kama dattawa maza. Na huɗu, ciwon daji da ke tsirowa cikin babban hanji har ya rufe hanya.

Alamunsa su ma huɗu ne: murɗar ciki mai tasowa tana lafawa, amai, kumburin ciki, da ɗaukewar bayan gida da iska. In toshewar tana sama, amai yakan zo da wuri. In tana ƙasa, kumburi ya fi yawa, amai ya zo daga baya da wari. Idan ciwon ya daina lafawa, zazzaɓi ya shigo, to, hanji ya fara mutuwa.

Saboda haka, wanda aka gani da waɗannan alamu, kada a ba shi abinci ko maganin wanke ciki, kada a yi masa tsaga, kada a danna ƙabar da ƙarfi. A kai shi asibitin da ake tiyata nan da nan, ko da tsakar dare ne. Can za a yi masa ƙarin ruwa, a zuƙe cikin da roba ta hanci, likita ya duba ko sai an yi aiki.

Lalle hakimai su riƙa faɗa wa jama'a, mai ƙaba ya je a gyara masa tun ba ta maƙale ba.