Kafin a kira shi daƙiƙi, a tambayi inda yake kwana

Aikina a makarantar sakandare a Kano shi ne sauraron ɗaliban da malamai suka gaji da su. Da suna biyu ake turo min su: daƙiƙi ko mai taurin kai. Ni kuwa ba na farawa da maganar darasi, sai dai in tambaya: Ina kake kwana? Ƙarfe nawa barci ke ɗaukarka?

Amsar kusan ɗaya ce kullum. Ɗaki guda cike da mutane, ga zafi, babu wuta, ga ƙarar janaretan maƙwabci. Wani ya ce tun daren da 'yan daba suka shigo layinsu da makamai, motsi kaɗan ke tashe shi. Wata kuma hanyar makaranta ce fargabarta, saboda masu ƙwacen waya.

Idan tsoro ya zo, jiki kan saki sinadarin kotisol don mutum ya tsere ko ya kare kansa. Na ɗan lokaci, rahama ne. In ya zama kullum, sai ya takura wa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai kula da natsuwa da tsara tunani da danne fushi, sashen da ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne karatun rana ke zama. Yaron da ya kwana kunnensa na ƙofa, ta ina lissafin safe zai shiga? Abin da ke min ciwo shi ne mu tarbe shi da bulala.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin larurorin ƙwaƙwalwa kan fara ne kafin yaro ya wuce shekara 14. Mu kuwa sai mu ce iskanci ne, ko aljanu, har yaro ya nemo wa kansa sauƙi a wurin mai sayar da tiramadol na bayan layi.

Ba kowa ke da halin tashi daga unguwa ba. Amma mai unguwa da jama'arsa za su iya haɗa kuɗin fitilar sola a lungu, su hana sayar da filin ƙwallo, su buɗe ajin Islamiyya bayan Isha'i ga masu shirin jarrabawa.

Iyaye, idan yaro ya shafe makonni ba barci, ya daina ci, ya ƙaurace wa abokai, ko ya ambaci mutuwa, kada a jira. A kai shi asibiti mafi kusa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.