Amsoshin Tambayoyinku: Da Me Ake Auna Tasirin Masanin Kimiyya?

Wani mai sauraronmu daga Sabon Garin Gusau yana tambaya: ta yaya ake gane binciken masani ya yi tasiri?

To Malam, da farko ana duba sau nawa wasu masana suka kafa hujja da aikinsa a nasu rubuce-rubucen. A 2005 wani masanin kimiyya a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da ma'aunin h-index. Idan masani na da maƙaloli 10, kowace an ambace ta aƙalla sau 10, makinsa 10 ke nan. Malaman Jami'ar Tarayya ta Gusau ma suna iya ganin nasu a Google Scholar.

Ana kuma duba waɗanda yake aiki da su. Ka tuna gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara. Jami'an lafiyar Najeriya, hukumar CDC ta Amurka da likitocin MSF ne suka haɗa hannu, aka auna jinin yara da ƙasar tsakar gidajen da ake niƙa dutsen zinariya. Irin wannan haɗin gwiwa kan sa aiki ya zaga duniya.

Sai dai akwai gyara a lissafin h-index. Wasu kan yawaita ambaton kansu, abokai kuma su riƙa ba ni gishiri in ba ka manda. Kuma lissafin ba ya ƙirga yaran ƙauyen Bagega da gubar ta shafa, waɗanda suka tsira bayan kwashe gurɓatacciyar ƙasa a 2013.

Da fatan ka gamsu, Malam. Muna jiran tambayarka ta gaba.