Darasi: Makabarta, Gidan Matattu Kuma Mafakar Rayayyu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa mata, darasinmu na wannan fitowa a kan makabarta yake. Wata za ta ce, to mu da ba ma raka gawa, ina ruwanmu? Ai kuwa da ruwanmu, domin abin da ke raye a cikinta ya shafi tukunyar miyarmu.

Abin da ya rage na tsohon daji

Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, shi ya sa tun asali yankin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa yake da duhuwar itatuwa. A nan dajin Falgore yake, wanda aka mayar gandun namun daji a shekarun 1960, ga kuma dajin Dansoshiya a wajen Ƙiru. Bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa, jama'a ta ƙaru, gonaki suka faɗaɗa, ga masu itace da masu gawayi. A ƙauyuka da yawa sai ki yi tafiya mai nisa ba ki ga saura ko duhuwa ba.

Amma duba makabartar garinku daga bakin hanya. Garma ba ta shiga, kuma mutane na jin nauyin ɗaga gatari a ciki. Saboda haka sau da yawa can ake samun tsohuwar kuka, tsamiya, kanya, ɗinya, marke, magarya da ɗorawa, ga sabara da kalgo da gamba a ƙarƙashinsu. Inda itace ya tsira kuwa, tsuntsu da dabba sun samu gida: kurciya, fakara, mujiya, bushiya, kurege, damo, hawainiya, jemage da ƙudan zuma.

Haka abin yake a wasu ƙasashe. A Ingila akwai ƙungiyoyin da ke kula da tsirran harabar coci-coci inda ake binne mutane. A Turkiyya masu bincike sun tarar da furannin da suka yi ƙaranci a gonaki suna nan a makabartun Musulmi na ƙauyuka.

Me suke yi mana?

Na farko, jemage. Furen ɗorawa da na kuka da dare suke buɗewa, jemagu ne kuma ke yawo a kansu suna shan zaƙi, suna ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. Da haka ɗorawa ke yin 'ya'ya, a samu kalwa, a yi daddawa. Kin ga ashe wanda ake kora da jifa yana da hannu a miyarki.

Na biyu, mujiya. Abincinta ɓeraye ne, masu ɓarna a rumbu da gona, masu kuma haƙa rami a kaburbura. Cewa kukanta na kiran mutuwa camfi ne, kuma hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim ya kore camfi da mujiya. Ajali na hannun Allah.

Na uku, ciyawa. Saiwarta ce ke riƙe ƙasa. Makabartar da aka ƙwalƙule tas ita ce ruwan Agusta ke zaizayewa, har kabari ya rufta.

Na huɗu, magarya. Mu da muke yi wa 'yan'uwanmu mata wanka mun san ganyenta. Ummu Aɗiyya (RA) ta ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarce su da su wanke 'yarsa da ruwa da magarya. Idan ta ƙare a gari, ina za mu samo?

Ga izina a kan ungulu. A da ba a raba ta da mahauta da manyan itatuwan bayan gari. Yanzu yara da yawa ba su taɓa ganinta ba, saboda guba da farautarta da ake yi don tsibbu. A 2015 hukumar kare halittu ta duniya ta sanya irin ungulun da muka sani cikin masu dab da ƙarewa.

Tsafta ba ƙonewa ba ce

Kada a fahimce mu a baibai. Hakkin mamaci shi ne gaba. Dole a share hanyoyi, a toshe ramuka, a rage duhuwar da maciji ko ɓata-gari za su laɓe a ciki, a kuma cire itacen da saiwarsa ke shiga kabari. Abin gudu shi ne gaggawar da ke sa a cinna wuta da kaka, ko a yi feshin maganin kashe ciyawa. Wuta na bi ta kan kaburburan iyayenmu, ta cinye sheƙa da ƙananan itatuwa. Abu Dawuda ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya yi hani da ya ga an ƙona gidan tururuwa. Mu kuma tuna makabartar Madina, Baƙi'ul Garƙad, sunan wani itacen ƙaya da ke wurin ta ci.

Aikin da ke kanmu

1. Mu roƙi mazajenmu da 'ya'yanmu, in za a yi gayyar gyaran makabarta, a yi da lauje da fartanya, ban da wuta da feshi.
2. Kowace Islamiyya ta reni irin magarya, tsamiya da ɗorawa a leda, a miƙa wa kwamitin makabarta da farkon damina, a dasa a gefen katanga nesa da kaburbura. Darbejiya na da amfani wajen itacen rufe kabari, amma baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, kada ta zama ita kaɗai.
3. Kada mu aiki yaro itacen girki a makabarta, kada kuma mu saya. Wuri ne na al'umma, hukuncin itacensa da 'ya'yansa a tambayi malamai.
4. Mu hana yara shiga da danƙo ko karnukan farauta.
5. Mu sa hannu a kuɗin katanga, ko na shingen ƙaya, don hana dabbobi da masu cin iyaka.

Tambayoyin bita

Wace alaƙa ce tsakanin jemage da daddawa? Me ya sa ƙwalƙule makabarta ke cutar da kabari? Ki lissafa itatuwa biyar da kakarki ta sani a garinku waɗanda yanzu sai a makabarta.

Hadisi ya tabbatar da cewa dashen da Musulmi ya yi, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haskaka makwancinsu, Ya kyautata namu zuwan. Amin.